Dafin fumfuna a matsayin maganin ƙwari da cututtukan shuka: yadda yake aiki da inda yake da haɗari

Wanda ya saba zagaya gona a ƙarshen damina, lokacin da raɓa take kwana a kan ganye, wataƙila ya taɓa cin karo da fara a mace a gindin gero, jikinta ya sandare, wani koren gari ya fito daga mahaɗar ƙafafunta da ƙarƙashin fukafukanta. Ba tsuntsu ne ya sare ta ba, kuma babu wanda ya yi feshi a wurin. Abin da ya kashe ta wata halitta ce daga dangin fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana uku, dangin da ya haɗa da naman gwari da yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, wanda masana suke kira fangas. Koren garin nan kuwa iri ne, miliyoyinsa, yana jiran iska ta kwashe shi zuwa jikin wata farar.

Fangas ba shi da ƙafar gudu, ba shi da haƙorin cizo, kuma duk inda ya tsiro akwai masu son cinye shi ko ƙwace masa abinci: ƙwari, tsutsotsi, bakteriya, da sauran 'yan'uwansa fumfuna. Makaminsa shi ne sinadarai. Yana haɗa su a cikin siraran zaren jikinsa, ya tsiyaye su a kewayensa, wasu don su kashe, wasu don su kori mai kusantowa, wasu don su hana abokin gasa girma. Waɗannan sinadarai su ne dafin fumfuna, kuma tun daga 1928 da Alexander Fleming ya lura cewa wata fumfuna ta share bakteriya daga kewayenta a kan farantin gwaji, abin da ya haifar da fenisilin, masana suke ta tona wannan rumbun makamai. Tambayar da ta shafi manomi ita ce ko za a iya ɗauko waɗannan makamai a juya su kan fara da tsutsa da darɓa, da kan cututtukan da ke ƙona ganyen amfanin gona, a rage dogaro da magungunan feshin da suka cika kasuwa.

Tunanin ya daɗe. A ƙauyukan Turai an yi ƙarnuka ana yayyanka wani jan naman gwari mai fararen ɗigo, Amanita muscaria, a zuba shi cikin madara a ajiye wa ƙudaje, su sha su bugu su faɗi, kodayake wasunsu kan farfaɗo daga baya idan ba a share su ba. Binciken kimiyya ya fara ne a 1835, lokacin da Agostino Bassi na ƙasar Italiya ya nuna cewa cutar da ke kashe tsutsar siliki, ta bar gawarta fara fat kamar an barbaɗa mata gari, wata ƙaramar halitta ce mai yaɗuwa daga tsutsa zuwa tsutsa. An sanya wa wannan fangas suna Beauveria bassiana don tunawa da shi. A 1879 Ilya Mechnikov, yana aiki a kudancin daular Rasha ta wancan zamani, ya samo wani fangas mai koren iri a jikin buzuzun da ke ɓarnar alkama, ya kuma kawo shawarar a riƙa noma shi da gangan ana watsa wa ƙwari. Shi ne Metarhizium, wanda 'yan'uwansa suke kashe farar da muka fara da ita.

Yadda kisan yake faruwa yana da muhimmanci, domin a nan ne za a gane matsayin dafin. Ƙwayar iri takan sauka a kan ɓawon ƙwaro ta manne. Idan akwai laima, sai ta tsiro, ta fitar da ɗan zare mai kumburarren kai, ya danna ɓawon da ƙarfi yana kuma zubo sinadaran da ke narkar da shi, har ya huda ya shiga. Ke nan ba sai ƙwaron ya ci wani abu ba, taɓawa kawai ta isa, kuma wannan ne ya sa fangas yake iya kama ƙwari masu tsotson ruwan shuka irin su darɓa da farin ƙuda, waɗanda ba sa tauna ganye balle su haɗiyi abin da aka fesa. Da zarar ya shiga jinin ƙwaron, sai yaƙi ya koma na sinadarai. Wasu nau'o'in Metarhizium suna sakin dafin da ake kira destruksin, wanda wani masani ɗan Japan, Kodaira, ya fara warewa a 1961. Dafin yana rikita shigar sinadarin kalsiyam cikin tsokar ƙwaro har ta ƙage, yana kuma kashe kuzarin ƙwayoyin jinin da ya kamata su kewaye baƙon su shaƙe shi. Beauveria kuma tana da nata, boberisin, wanda aka bayyana a 1969, da ke huda siririyar fatar tantanin jiki, wato ƙananan ƙwayoyin da jiki ya ginu da su, ya bar gishirin ciki yana yoyo. Bayan ƙwaron ya mutu ma aikin bai ƙare ba, domin Beauveria takan fitar da wani jan sinadari, osforin, da ke hana bakteriya ruɓar da gawar, don ta samu ta cinye kayanta ita kaɗai kafin ta ɓullo waje ta yi iri.

Mai karatu zai iya cewa, tunda an san dafin, me zai hana a tace shi a ɗura a kwalba a sayar kamar sauran magunguna? An gwada, kuma dalilan da suka sa hakan bai yi nisa ba su ne zuciyar wannan batu. Na farko, yawancin waɗannan sinadarai an yi su ne don su yi aiki daga cikin jiki, kuma fangas ɗin ne allurar da ke kai su can. Idan aka fesa su a waje, ɓawon ƙwaro yakan tare da yawa, rana kuma ta lalata sauran. Na biyu, noma fangas a tukunyar masana'anta don a tatso ɗan giram na dafi yana da tsada. Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne dafin da aka raba da mai shi ba ya tantance wanda zai cutar. Boberisin ɗin da ke kashe tsutsa, shi ne kuma wasu fumfunonin Fusarium suke bari a cikin masara da alkama, har hukumomin kula da lafiyar abinci a Turai suna sa ido a kansa.

A nan ya kamata a kawar da wata fahimta da ta yaɗu, cewa duk abin da ya fito daga halitta ba ya cutarwa. Dafin afulatoksin, wanda fumfunar Aspergillus flavus take zubawa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, yana kashe ƙwari da yawa, kuma ana ganin kare abincinta daga ƙwari yana cikin amfanin da yake yi wa fumfunar. Amma shi ne ya kashe talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, bayan an ciyar da su tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Brazil, kuma shi ne ya kashe mutum 125 a Kenya a 2004 ta hanyar gurɓatacciyar masara. Yana cikin sanannun abubuwan da ke haddasa sankarar hanta, kuma suya ko dafuwa ba sa gamawa da shi. Babu mai hankalin da zai fesa irin wannan a gona don yana kashe tsutsa.

Saboda haka waɗanda suka yi nasara sun bi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu: ko su bar makamin a hannun mai shi su aika fangas ɗin da ransa, ko su kwaikwayi ƙirar dafin su gyara ta a ɗakin bincike.

Hanya ta farko tana da tarihi a yankinmu na Sahel. Bayan annobar farin dango ta 1986 zuwa 1989, wadda aka zuba maganin feshi mai yawan gaske a yankin Sahel don daƙile ta, kuma a daidai lokacin da aka daina amfani da maganin ƙwari na diyaldirin saboda daɗewarsa a ƙasa da jikin dabbobi, ƙasashe masu ba da tallafi suka kafa wani shirin bincike mai suna LUBILOSA a 1989. Ya haɗa cibiyoyin binciken noma biyu, CABI ta Ingila da reshen IITA da ke Kwatano, da masana kare amfanin gona na ƙungiyar ƙasashen Sahel ta CILSS a Yamai. Sun yi shekaru suna tattara matattun fari daga ƙasashe daban-daban suna duba abin da ya kashe su, kuma nau'in da ya fi dacewa an same shi ne a jikin wata fara da aka tsinta kusa da Yamai. Yau ana kiransa Metarhizium acridum, maganin da aka yi da shi kuma Green Muscle. Babbar matsalar ita ce fangas yana son laima, fara kuwa tana inda ƙasa ta bushe ƙamas. Dabarar da ta warware wannan ita ce a jiƙa irin a cikin mai a maimakon ruwa, domin mai yana manne wa ɓawon fara, yana malala zuwa cikin mahaɗar gaɓoɓinta inda akwai ɗan danshi, kuma ya dace da injinan feshin da ake da su tun farko. Kimanin giram 50 na irin yana isar hekta guda.

A tsakiyar shekarun 1990 an yi manyan gwaje-gwaje a yankin Maine-Sorowa, gabashin Nijar, inda aka kwatanta shi da fenitirotiyon, maganin da aka saba fesawa. Abin da aka gani yana koyar da abu mai yawa. Inda aka fesa sinadarin, fari sun zube cikin kwana ɗaya ko biyu, amma bayan 'yan makonni wasu sun shigo daga gefe sun maye gurbinsu. Inda aka fesa fangas, kwanakin farko kamar ba a yi komai ba, sannan yawan farin ya riƙa raguwa har ya faɗi ƙasa ya kuma zauna a ƙasa, domin irin da ya rage a ciyawa ya ci gaba da kama masu shigowa. Bisa ƙiyasin da aka saba bayarwa, yana kashe kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari a tsakanin mako biyu zuwa uku. Ƙudan zuma da tsuntsaye da ƙadangaru ba sa cutuwa, domin wannan nau'in ya ƙware ne a kan dangin fara kaɗai. Ga al'ummar da take cin fara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya ga yadda ake auna soyayyiyar fara da yaji a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Kano, yara suna saya suna ci a hanya, ya san cewa abin da aka fesa wa fara a daji yana iya ƙarewa a cikin mutum.

Wani abin mamaki da binciken ƙwayoyin gado ya bayyana daga baya shi ne, wannan nau'in na fara ba shi da cikakken tsarin haɗa destruksin da 'yan'uwansa masu kama ƙwari iri-iri suke da shi. Yana kisa ne ta hanyar girma a cikin jikin farar har ya cinye abincin da ke jininta. Ke nan maganin da aka yi da fangas wanda ya fi suna a yankinmu ya yi suna ne da ƙarancin dafi, kuma a ganina wannan ne ya sa ya zama mai aminci, wannan ne kuma ya sa yake da nawa. Farar ma ba ta zama haka kawai ba: idan ta kamu, takan fita ta shanya jikinta a rana har zafinsa ya kai digiri 40 ko fiye, wato tana jawo wa kanta zazzaɓi da gangan, kuma a wannan zafin fangas ba ya girma sai dare ya yi. A lokacin tsananin zafi wannan yakan tsawaita kwanakin mutuwar. Manomin da fari suka sauka a geronsa yana fitar da kai ba zai jira mako uku ba, kuma ba za a ga laifinsa ba. Amfanin maganin yana wurin da ake kama fari tun suna ƙanana ba su yi fiffike ba, a makiyaya da wuraren ƙyanƙyasa, kuma a irin wannan yanayin ne aka yi amfani da shi sosai a Somaliya lokacin annobar 2020, inda makiyaya ba sa son a zuba guba a ciyawar dabbobinsu.

Hanya ta biyu, ta kwaikwayon ƙira, ita ce ta fi kawo kuɗi, kuma labarinta ya fi fitowa a fagen yaƙi da fumfuna. A 1977 wasu masana biyu a Jamus, Timm Anke da Wolfgang Steglich, suka ware wani sinadari daga wani ɗan ƙaramin naman gwari, Strobilurus tenacellus, wanda yake tsirowa a kan 'ya'yan itacen fayin, wani itacen ƙasashen sanyi, da suka faɗi suka binne a ƙasa. Abincinsa kaɗan ne, don haka yake kashe duk wata fumfuna da ta matso. Sinadarin, wanda aka kira sitirobilurin, yana toshe wani mataki guda a cikin sashen tantani da ke samar da kuzari, sai abokin gasa ya rasa numfashi, shi kuwa mai dafin ya ɗan sauya ƙirar wannan sashe a jikinsa yadda dafin ba ya kama shi. Da aka fesa shi a kan ganye, hasken rana ya lalata shi nan da nan. Sai masanan haɗa sinadarai na kamfanonin ICI a Ingila da BASF a Jamus suka shafe shekaru suna sauya sassan da rana take karyawa suna barin sashen da ke yin aikin, har a 1996 aka fito da azoksisitirobin da ɗan'uwansa kiresoksim. Cikin 'yan shekaru azoksisitirobin ya zama maganin fumfunar shuka da aka fi saya a duniya, ana fesa shi a alkama da shinkafa da tumatir da dankali da ayaba.

Sai dai a lura da abu biyu. Abin da ke cikin kwalbar yanzu sinadarin masana'anta ne, naman gwarin ya ba da zane ne kawai, kuma yana da guba ga kifi da sauran halittun ruwa idan ya kwarara cikin rafi. Sannan maganin da ke bugun wuri ɗaya tak yana da saurin dakushewa. A 1998, shekara biyu kacal da fitowarsa, aka samu farar fumfunar alkama a arewacin Jamus wadda ba ta jin sa, domin sauyin harafi ɗaya a ƙwayar gadonta ya canza siffar wurin da maganin yake kamawa, irin dabarar da masu dafin suke kare kansu da ita tun asali. Shi ya sa ake umartar manoma su riƙa cuɗanya shi da wani magani mai bugun wani wuri dabam, su kuma taƙaita yawan feshinsa a damina ɗaya. Ta ɓangaren ƙwari ma an bi wannan sawu, domin afidofirofen, maganin darɓa da farin ƙuda da ya shigo kasuwa a 2018, an gina shi ne a kan wani sinadari da wata fumfunar Penicillium take haɗawa.

A asibiti ma wannan rumbun ake ɗiba. Yaron da makero ya ci masa kai, gashi ya zube ya bar farin da'ira mai ɓarɓashi, sau da yawa ƙwayar girisiyofulbin ake rubuta masa, ya sha na tsawon makonni shida zuwa takwas tare da abinci mai maiƙo don ta shiga jiki sosai. An ware ta ne daga fumfunar Penicillium griseofulvum a 1939, aka fara lura da ita a matsayin abin da ke nannaɗe zaren sauran fumfuna ya hana su miƙewa, har sai a 1958 da wani masani a Glasgow ya nuna tana warkar da makero a jikin ɓeran Masar. Tana taruwa a sabuwar fata da sabon gashi, shi ya sa sai an jira tsohon ya fita. Kasfofanjin kuma, wanda aka amince da shi a Amurka a 2001 don masu cutar fangas da ta shiga jini, asalinsa wani fangas ne da aka samo a kwarin kogin Lozoya na ƙasar Sifen, kuma yana rusa bangon tantanin fumfuna, abin da jikin mutum ba shi da irinsa. Wani lokacin ma a je neman abu a samo wani: saikulosforin, da aka tato daga fangas ɗin ƙasar Norway ana fatan ya zama maganin fumfuna, bai taɓuka abin kirki a nan ba, sai ya zama maganin da ke hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa masa.

Abin da ya faru a Niyu Zilan ya nuna yadda zaɓen dafi yake da laushi. Ciyawar kiwon da manoman can suke shukawa tana ɗauke da wani fangas da ke zaune a cikin jikinta, kuma a 1981 aka gano cewa dafinsa, lolitirem, shi ne ke sa tumaki tangaɗi suna faɗuwa kamar masu maye. Aka cire fangas ɗin daga irin ciyawar, sai ƙwari suka cinye makiyayun, domin ashe wani sinadarin nasa, feramin, shi ne yake korar su. Mafitar ita ce neman nau'in da ke haɗa feramin ba tare da lolitirem ba, wanda aka fitar wa manoma a 2001 da sunan AR1. Maganin Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, aka yi masa rajista a Najeriya a 2014, ya ƙara gaba da wannan tunani. Nau'o'i huɗu ne na Aspergillus flavus na Najeriya da ba sa haɗa afulatoksin ko kaɗan, an shafa su a ƙwayar dawa da aka gasa aka rina ta shuɗiya don kada a ɗauka ta ci ce. Ana watsa kilo 10 a hekta makonni biyu zuwa uku kafin masara ko gyaɗa ta yi fure, sai su riga masu dafin mamaye gonar.

Akwai kuma masu ganin cewa idan nawar fangas ce matsala, a ƙara masa dafin da ba nasa ba. Masana daga jami'ar Maryland ta Amurka da cibiyar binciken lafiya ta IRSS a Burkina Faso sun ɗauki wani nau'in Metarhizium da ke kama sauro, suka dasa masa ƙwayar gadon dafin wani gizo-gizon Ostireliya, suka tsara ta yadda dafin ba zai fito ba sai fangas ɗin ya shiga jinin ƙwaro. A ƙauyen Sumuso, kusa da Bobo-Diyulaso, suka gina wani babban rumfa da aka lulluɓe da raga, da bukkoki da tsirrai da wuraren ruwa a ciki, suka gauraya irin da man riɗi suka shafa a baƙaƙen zannuwan auduga da aka rataya a bango, inda sauro yake hutawa bayan ya sha jini. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa cikin kwana 45 yawan sauron ya faɗi da fiye da kashi 99 cikin ɗari, alhali sauron irin wanda ya daina jin maganin gidan sauro ne, kuma gwajin da aka yi a kan ƙudan zuma bai nuna cutarwa ba. Wannan duka a cikin raga aka yi shi. Fitar da halittar da aka sauya wa gado zuwa sararin ƙauye, inda iska za ta ɗauki irinta ba tare da an iya kiran ta ta dawo ba, yana buƙatar izinin hukumomin ƙasar da kuma yardar mutanen da za su kwana a ɗakunan da za a rataya zannuwan.